Ranar da Wayar Auta Ta Yi Ja

Tun da likita ya ce cikin nan ya zo mata da ciwon suga, Auta ba ta rabuwa da wayarta. A asibiti suka sa mata manhaja: ta soki yatsa, ta ɗiga jini a 'yar na'urar gwaji, na'urar ta tura wa waya sakamako, waya kuma ta miƙa wa nas ɗin da ke kula da ita. In komai daidai ne, fuskar wayar ta yi kore. Ja kuwa ba ta taɓa gani ba.

A gidan burodin yayarta take aiki, ita ce mai yi wa kek kwalliya. Wuni take cikin sukari, ba halin ta lasa. Yaya takan ce, "Ke kaɗai ce ma'aikaciyar da ba na tsoron ta cinye min kaya."

Ran nan da hantsi aiki ya yi musu yawa. Auta na tsaka da barbaɗa garin sukari a kan wani kek mai hawa-hawa, sai waya ta yi ƙara, lokacin gwaji ya yi. Ta goge hannu a jikin atamfarta, ta zauna a kujerar da ke kusa da firji, ta soki yatsa.

Wayar ta yi jawur. Lambar da ta fito ko a mafarki ba ta taɓa ganin irinta ba.

Ciwon nan ne ya tafi da idon mahaifiyarsu kafin ya tafi da ita. Ta dafa ciki tana jiran motsi, ɗan ya yi lamo.

"Yaya! Zo ki gani!"

Yaya ta fito daga wajen tanda, fuska duk gumi. Tana leƙa wayar ta saki salati. "Me kika ci? Faɗa min gaskiya, ba zan yi faɗa ba."

"Wallahi ƙwai ne da ganye, a gabanki na ci."

Yaya ba ta tsaya ji ba, ta kira mijin Auta, mai gyaran firji ne a can ƙarshen gari, ta ce ya bar komai ya taho. Tana cikin neman makullin mota sai wayar Auta ta yi ringin. Nas ce.

"Ƙanwata, na ga abin da ya shigo. Yaya jikin? Jiri? Ƙishirwa? Ido na yi miki hazo?"

"Babu ko ɗaya, Sista. Tsoro ne kawai."

"Kina ina?"

"Wurin aiki."

"Kin wanke hannu kafin ki soka?"

Auta ta dubi yatsunta. Fari fat, har cikin farce.

"Tashi ki wanke da sabulu, ki tsane su sosai, ki sake. Ina kan layi. In ya sake fitowa haka, ki taho yanzu-yanzu."

Ta buɗe famfo ta wanke hannu, ta sake sokawa. Yaya ce ta riƙe mata na'urar. Suka zuba wa waya ido.

Kore.

"Suga ɗin kek ɗinku kika auna," in ji nas tana dariya. "Ki sake gwadawa bayan abincin rana, zan duba."

Auta ta jingina da bango, hawaye da dariya suka haɗe mata. A lokacin ne ɗan ya ga damar ba ta wani hauri a haƙarƙari. "Sai yanzu?" ta ce da cikin. "Ɗazu da nake nemanka fa?"

Can sai ga mijin ya faɗo shagon yana haki, rungume da jakar haihuwa, takalminsa ƙafa ɗaya nasa, ɗaya na maigidansa. Yaya ta yi masa bayani. Bai gane ba, ta sake. Sai ya zauna daɓas a kan buhun fulawa, farar ƙura ta tashi ta rufe shi.

"To ni yanzu in koma aiki ke nan?" ya tambaya.

"Sha ruwa tukuna," in ji Auta, ta miƙa masa kofinta.