Ƙofa ta Uku a Akwatin Shayi

Farkhanda ba ta iya ɓoye fushi ba, duk ofis an sani. Ranar da Cheema Sahib, mai kamfanin, ya ce za a cire gidan tsohuwa daga wasan, sai da ta ture kujera ta miƙe.

"Zauna, Farkhanda Bibi," in ji shi. "Ba ni na ƙi ta ba, masu gwaji ne. Duk wanda ya iso ƙofarta juyawa yake yi. Mako mai zuwa wasan zai fita kasuwa, ba zan ɗauki kayan da ba mai so ba."

Wasan waya suke haɗawa a wani bene a Lahore, labarin baƙon da ke yawo cikin tsohon gari yana neman gidan kakanninsa. A tsakiyar tafiya akwai wata tsohuwa a bakin ƙofa riƙe da butar shayi. Kowa ya san inda aka samo ta. Kakar Farkhanda ce da ta rasu bara, wadda take kira Nani, har da tabaranta mai ɗaure da zare. In ɗan wasa ya karɓi shayin, zai shiga tsakar gida ya ji labarin da ya fi kowanne daɗi. Sai dai har yau ba wanda ya shiga.

Marubutan kamfanin ba su iya rubutun kwamfuta ba, don haka Farkhanda ke ƙera musu akwatuna a kan allo. Kowane akwati aiki ɗaya yake yi, yana da ƙofar shiga a hagu, ƙofofin fita a dama. Su kuma sai su ja zare daga wannan zuwa wancan, labari ya bi zaren. Akwatin tayin shayi ita ta ƙera shi da hannunta, shiga ɗaya, fita biyu: ya karɓa, ya ƙi. Haka ta gani a duk darussan da ta koya. Ta duba shi ciki da bai, ba ta ga laifinsa ba.

Shehryar, marubucin da ke zaune kusa da ita, mai kiran ta Baji, wato yaya, ya leƙo. "Baji, ki haƙura. Wataƙila Nanin taki ce ba ta da farin jini."

"Kai da ko budurwarka ba ta ɗaukar wayarka, kai ne mai maganar farin jini?"

Ya koma allonsa yana dariya. Ita kuwa ranta a dagule yake, don ji take kamar za a sake binne tsohuwar.

Bayan la'asar surukin Cheema Sahib ya biyo ta ofis, wani dattijo mai jan gemu na lalle. Mai gida ya miƙe da rawar jiki.

"Chacha ji, a kawo shayi."

"A'a, a'a, yanzu na sha."

"Haba, kofi ɗaya dai."

"Wallahi kada ka wahalar da kanka, wucewa zan yi."

"Ai an riga an ɗora, sai dai a zubar."

Dattijo ya gyara zama. Ya sha kofi biyu, ya ɗora da samosa.

Farkhanda ta dafe goshi. Masu gwajin nan 'ya'yan Lahore ne, iyayensu sun yi musu tarbiyya. Wane mara kunya ne zai cafke shayi a tayin farko, a hannun tsohuwa kuma? Danna "a'a, na gode" suke yi suna jiran a sake yi musu tayi, ita kuwa tsohuwar, da yake ƙofa biyu kawai jikarta ta ba ta, sai ta rufe gida garam. Nanin da ko mai karatun mitar wuta bai taɓa fita daga gidanta da busasshen baki ba. Kunya ta kama Farkhanda, amma murna ta fi yawa.

Ta buɗe rubutun akwatin. A hagu ta ƙara ƙofar shiga mai karɓar lamba, ta sa mata suna "tayi na nawa". A dama, tsakanin karɓa da ƙi, ta huda ƙofa ta uku, ta kira ta "ƙin kunya". Daga nan ta ja zare ya zagaya ta wurin mai ƙirga ya dawo bakin akwatin. Da ta gwada, tsohuwa ta sake tayi. Ta sake. Ta kuma sakewa, ba ta da niyyar dainawa, don cikin zumuɗi Farkhanda ta manta ta sa iyaka.

"To wannan kam Nanin gaske ce," in ji Shehryar. "Bar ta haka, Baji, ba mai tsira."

"Yi mini shiru, yanzu zan sa iyaka a tayi na uku, kai kuma ka rubuta mata magana. Ka rubuta yadda uwarka ke matsa wa baƙi."

Washegari aka tara masu gwaji a ɗakin taro. Cheema Sahib bai yarda da bayanin Farkhanda ba, sai ya karɓi waya da kansa. Ya iso ƙofar, tsohuwa ta ɗaga buta, yatsarsa ta tafi kan "a'a, na gode" tun kafin ya yi tunani.

"Haba ɗana, da wannan ranar?" in ji tsohuwa daga cikin wayar.

Ya ɗago ya dubi Farkhanda, ta kawar da kai. A kewayen teburin kuwa wayoyi sun fara amsawa ɗaya bayan ɗaya, ƙofar katako na ƙara tana buɗewa, muryar tsohuwa na cewa a cire takalmi a shigo. Wata yarinya cikin masu gwajin ta toshe bakinta da gyale tana dariya.

Amma Cheema Sahib mutum ne mai taurin kai. "In kuma da gaske mutum ba ya so fa? Tsare shi za ta yi har abada?"

"Gwada ka gani, Sahib."

Ya ƙi a karo na biyu, ya ƙi a na uku. Zare ya bi ta tsohuwar ƙofar ƙi. Tsohuwa ta ajiye buta, ta ce Allah ya kiyaye hanya. Sai ta kamo hannun rigar baƙon, ta cusa masa mangwaro a aljihu, ta ce kada ya kuskura ya yi mata musu.

Cheema Sahib ya daɗe yana kallon allon. Ya cire tabarau ya goge ido da bayan hannu, ya ce na'urar sanyin ɗakin ce ta yi yawa.

"Wa ma ya ce a cire ta?" Ya miƙa wa Farkhanda wayar. "Hotonta za a sa a fuskar wasan. Yanzu mayar da ni baya, ina so in shiga gidan."