Ganyen Kuru Huɗu

Saura wata huɗu auren Teremoana, amma kakarta Mama Ngatokorua ba ta ko yanka tivaevae, mayafin gado mai ado da za a yafa wa amarya da ango, ba. Shekara arba'in ita ke yanka wa matan ƙauyenmu Vaipae zanen mayafan gadonsu, mu kuma mu ɗinke. Bana hannunta ya soma rawa. Duk mun gani, babu wadda ta furta.

Ranar Talata muna zaune a barandarta, sai 'yarta Vaine, uwar amarya, ta ajiye wata leda a kan tabarma. Daga Auckland ta zo da ita. Yadi ne yankakke, furanni ja da fari, har da zare da takardar da ke nuna inda kowane zai zauna.

"Mama, an gama komai," in ji Vaine. "Ɗinki kawai ya rage."

Mama Upoko, wadda suka yi ƙuruciya tare da tsohuwar, ta ɗaga fure ɗaya da yatsu biyu. "Irinsa ne a gadon surukata. Kuma dangin ango ma Auckland suke sayayya, sai mu ga tagwaye ranar biki."

"Wa zai lura?"

"Ke yarinya, da an shimfiɗa shi tambaya ɗaya ake yi: wa ya yanka? Me uwarki za ta ce, inji ne ya yanka?"

Mama Ngatokorua ta miƙe. Ta shiga ɗaki ta fito da yadi kore shar, da wani ruwan ɗorawa na shimfiɗa a ƙasa. Da kanta ta zaɓe su a babban tsibiri, Rarotonga, shekara uku da suka wuce. Babu irin koren nan a tsibirinmu, jirgin kaya kuma sai bayan biki.

"In kika ɓata shi fa?" Vaine ta tambaya a hankali.

"Miƙo min alli."

Ta ninka koren gida huɗu, muka danne gefuna. Ta zana ganyen kuru mai faɗi da yatsu, tana duban bishiyarsa da ke tsakar gida, wadda aka binne mabiyiyar Teremoana a gindinta. Sannan ta ɗauki almakashi. Ni ce kusa da ita, ina jin ƙarfen yana kaɗawa a kan zobenta.

Ta wuce karan ganyen lafiya. Ta wuce yatsun ganye biyu. A na uku hannun ya zille, almakashin ya ci cikin ganyen kamar faɗin babban yatsa. A ninki huɗu, ɓarna ɗaya huɗu ce.

Vaine ta kai hannu wajen ledarta. Tsohuwar ta ci gaba da yanka har ƙarshe, gumi na bin wuyanta.

Muka buɗe shi a kan ruwan ɗorawar. Ganye huɗu manya, kowane da gibi a wuri ɗaya. Mama Upoko ta daɗe tana kallo, sannan ta tashi da ƙyar, ta je gindin bishiyar ta tsinto busasshen ganye, ta ɗora kusa da na yadin. Tsutsa ta ci gefensa.

"Har tsutsar gidanki kika saka, tsohuwar banza," ta ce. "Wannan kam ba mai tambayar wa ya yanka."

Mama Ngatokorua ta ɓoye hannunta a ƙarƙashin cinya. "Vaine, zaren cikin ledarki mai kyau ne. Ciro shi."