Kakana Ba Tuzuru Ba Ne

Ranar kasuwa na kai ƙwai shagon maƙwabciyata Attracta, sai ta ce, "Mena, kin leƙa zauren kasuwa kuwa? An gama zanen. Ki dai sha ruwa kafin ki shiga."

Zanen asalin gidajen garinmu Dunmoran take nufi. Kwamitin tarihi ne suka ce a zana wa kowane gida bishiya a bango, da rassa da sunaye, don jikokinmu na Amurka masu zuwa neman tushensu. Wanda suka ɗora wa aikin kuwa Mossie Tierney ne, tsohon mahauci. Tun da ya rufe shagon nama ya sayi tabarau ya koma bin maƙabartu yana kankare duwatsun kaburbura don karanta sunayen da ke jiki.

Ni karatu bai zauna mini ba, kiwon kaji aka cire ni daga makaranta na yi tun ina ƙarama. Don haka na ja Attracta muka tafi tare, na ce ta karanta mini gidanmu na Fogarty. Ta bi da yatsa har ta iso kan kakana, ta yi tari.

"Cornelius Fogarty. Ya rasu bai yi aure ba."

Reshen nan guntule, ko ganye babu. To babana daga ƙasa ya tsiro? Ni kuma daga sama na faɗo? Da tsufana, da furfurata, a rubuta a bangon kasuwa cewa mu ba 'ya'yan sunna ba ne, duk mai sayen dankali ya tsaya ya karanta!

Na sami Mossie a gidan shayi yana shafa wa burodi man shanu.

"Kai, Mossie! Kai da ka ƙare rayuwarka kana sayar wa mutane ƙashi da sunan nama, yau kuma dangi kake sara?"

"A'a, Mena baki abin magana. Zauna, shayin da zafinsa."

"Shayinka ya ci kansa. Wa ya ce maka kakana tuzuru ne?"

Ya gyara tabarau ya ce takardun coci sun ƙone tun kafin a haife mu, shi da dutse yake aiki. Cornelius kuwa shi kaɗai yake kwance, ba sunan mace a kansa.

Na ce, "Jaki ma a garin nan ya san macen da ta rasu da ƙuruciya, danginta kan zo su ɗauke ta su binne wurin ubanta."

"Na sani. To 'yar wane gida ce? Kawo sunan, in hau tsani yanzu."

Sunan gidan kuwa ban san shi ba. Kakata wurin haihuwar babana ta rasu. Ranar jana'iza 'yan'uwanta suka zo ɗaukar gawa, aka yi cacar baki a ƙofar gida, kakana ya rantse ba za a ƙara ambaton gidansu a gabansa ba. Abin da ya iso kunnena kawai, sunanta Honora, kuma an haye da ita kogi zuwa ƙauyen Kilbrack.

"Tashi ka ɗauko motarka," na ce.

"Ana ruwa fa."

"Yaushe ne ba a ruwa?"

Motar har yau ƙarnin kitsen rago take. Duk hanya yana ba ni labarin wata Ba'amurkiya da ta rungume shi tana kuka don ya nuna mata kangon gidan kakanninta. Na ce Allah ya sa ba garken aladu ya nuna mata ba.

Maƙabartar Kilbrack ciyawa har gwiwa. Yana kankarewa yana karantawa, ina biye da lema, kaina kaɗai na rufe. Muka ga Honora ta gidan Ryan, ta haura tamanin. Muka ga wata, jaririya. Takalmana suka cika da ruwa, na kuma san in ba dutse, rubutun nan zai zauna a bango har bayan raina.

Ya miƙe yana dafe da ƙugu. "Shi ke nan, Mena. Mun gama."

"Wancan lungun fa?"

"Namu ne, na gidan Tierney. Ba sai na kankare ba, duk na san su."

"Ka san su? Kai da ba ka san ranar haihuwar matarka ba?"

Don ya rufe mini baki ya kutsa. Can bayan kabarin kakansa akwai wani ɗan dutse da ya karkace, ganye ya lulluɓe shi. Ya yaye, ya goge da hularsa, ya sunkuya. Ya cire tabarau ya goge ya mayar.

"Ka makance ne? Karanta!"

Murya can ƙasa ya ce, "Honora, matar Cornelius Fogarty."

"Ɗaga murya, matattu ma su ji."

"Matar Cornelius Fogarty, 'yar Maurice Tierney." Ya zauna daɓas a kan jiƙaƙƙiyar ciyawa. "Mena, ƙanwar kakana ce."

Na dube shi, da jan hancinsa da kunnuwa kamar marfin tukunya. Na ce, "Wayyo ni Philomena. Na fito neman mutunci na koma da mahauci."

Ya fashe da dariya har da tari. Ni ban yi niyya ba, amma ta ƙwace mini. Na ɗan matsa masa lemar, kaɗan dai.

Ya so ya je ya gyara da sassafe kafin mutane su fito. Na ce bai isa ba, a gaban kasuwa aka ci mutuncina, a gaban kasuwa za a wanke ni. Da kasuwa ta zagayo na sa Fada Heffernan, limamin cocinmu, ya zo ya tsaya shaida, masu kabeji da masu kifi suka bar rumfunansu. Bishiyar Fogarty tana hagu da ƙofa, ta Tierney tana dama, dole Mossie ya hau tsani ya ja reshe ta saman ƙofar ya haɗa su. Ni na riƙe tsanin. Ya rubuta Honora, ya rubuta babana, ya zo kan sunana.

"Ƙara masa girma."

"Haba 'yar'uwa, ya fi na Fada girma fa!"

"Fada na da kaka a bangon nan? Ƙara, ko in saki tsanin."

Ya ƙara.