Ba a Kiransa Sau Biyu

Tun ba a naɗe tabarmin makoki ba magana ta gama ƙauyen: wai da gangan Isikeli ya faɗa teku, muryoyin nan da yake ji a kansa ne suka kira shi. Mahaifiyarsa Vasemaca ta yi shekara talatin tana koyarwa a makarantar tsibirin, ba ta taɓa karɓar "an ce" daga bakin ɗalibi ba, balle yanzu. Ga jikarta Litiana, 'yar shekara tara, ta daina cin abinci tun ranar da ta ji a bakin famfo cewa babanta ne ya zaɓi ya tafi ya bar ta.

Vasemaca ta sami Waisake, mai jirgin da Isikeli ya faɗo daga cikinsa, a gindin kwakwa yana ɗinkin komar kifi.

"Kai, sarkin daƙiƙan ajina, ajiye wannan. Me idonka ya gani? Ban ce kunnenka ba."

"Haba Malama, da furfurata ma ban tsira ba?" Ya soma murmushi, murmushin ya mutu a hanya. "Awa uku yana zaune cikin jirgi, rana na gasa mu. Har tsokanata yake, wai injina ya girmi kakata. Da muka iso mashigin duwatsu na ce, Isi, hau goshin jirgi ka duba mana hanya. Kin san shi, ba a kiransa sau biyu. Zumbur ya miƙe. Sai na ga ya yi laushi kamar tsumma, ya sulale. Ko hannu bai miƙa ba. Kansa ya sami dutse."

Washegari ta taka har asibitin tsibirin, wajen nas Torika, wadda ita ma tsohuwar ɗalibarta ce.

"Kwana goma kafin nan aka ƙara masa magani, Malama. Muryoyin sun yi shiru, da bakinsa ya faɗa mini. Sai dai irin maganin nan yana sassauta jijiyoyin jini. In mutum ya daɗe a zaune ya miƙe da sauri, jinin sai ya tsaya a ƙafa, kai ya rasa." Ta tura mata katinsa: a kwance awon jininsa ɗari da ashirin, a tsaye tamanin. "Na ce ya riƙa ƙirga goma kafin ya tashi. Dariya ya yi, wai a gidanku wanda ya ƙirga biyu ma ya sha faɗa."

Vasemaca ta daɗe tana kallon lambobin. Ta tuna Lahadin ƙarshe a coci: fasto ya shigo, kowa ya miƙe, Isikeli kuwa yana nan dafe da benci. Ta zungure shi da mafici.

"Tashi mana, ana kallonmu."

"Inna, jiri nake ji."

"Jirin lalaci," ta ce. Ya kuwa tashi.

Ta miƙa wa Torika katin da hannu biyu, ta kama hanyar gida ta bakin ruwa, ba ta amsa gaisuwar kowa ba. Litiana na zaune a ƙofa, rogonta da kifinta sun huce a kwano. Tsohuwar ta durƙusa har gwiwoyinta suka yi ƙara, ta kama fuskar yarinyar.

"Babanki bai bar ki ba. Magani ne ya saukar masa da jini. An kira shi, ya miƙe da sauri yadda na koya masa, ya suma, ya faɗi."