Rigar Robar Bukari

Saura kwana biyar a zaɓi shugaban ƙungiyar ɗalibanmu na Alƙahira, a Fabrairun 1984, Bukari ya hawo bene ya shigo ɗakina a unguwar Hay el-Sabi' da wata baƙar rigar roba a kafaɗa. Bukari ɗan Damagaram ne, mai sayar da turare, kuma surukin Kamilu, abokin takarata.

"Ustaz, ga taka. Gobe a Bahar Maliya sai da ita."

Ƙungiya ce ta shirya tafiyar: a sa gilashi a ido, bututu a baki, a kifa ciki a kan ruwa a kalli murjani. Na ɗaga rigar. Matsattsiya ce, ni kuwa shekarata arba'in da bakwai, da tumbin da na daɗe ina reno. Na hango kaina a cikinta kamar tarwaɗa, masu zaɓe na kallo.

"Wa ya aiko ka?"

"Sanyi, Ustaz. Ruwan nan yana zuƙe zafin jiki."

"Teku a tsakiyar hamada? Ni da na yi wanka a kogin Sakkwato da asuba?"

"Ma'alish, ba komai. Na dai faɗa."

Yadda ya yi saurin haƙura ma bai kwanta mini ba.

Washegari a Gardaƙa, garin bakin tekun, rana ƙwal. Kowa ya sa roba, har Kamilu. Ni na shiga da wando da taguwa, cikin mutunci. Kifayen akwai kyau, na ga biyu. Daga nan haƙorana suka fara taunar bututun ba da izinina ba, yatsuna suka ƙi lanƙwasuwa, taguwar ta manne mini kamar rigar ƙanƙara. Na ƙi fita, don Bukari na kallona daga jirgin ruwan da ya kawo mu. Shi ya ciro ni, ya naɗe ni da bargo, ya ɗura mini shayi.

"Me ka sa a ciki?" na ce, baki na rawa.

"Sukari, Ustaz. Sha, yalla."

Ranar zaɓe mura ta tafi da muryata gaba ɗaya. Bukari ya ce zai karanta mini jawabina, fisabilillahi. Ya karanta shi da kyau, har da wuraren da na tanadi hawaye. Da ya gama wani ya miƙe ya ce mai wannan harshe ya dace da kujerar. Aka ɗaga hannu. Ni da Kamilu muka samu ƙuri'a uku-uku, Bukari ya kwashe sauran.

Abin da har yau ban gano ba shi ne, ko ya san zan ƙi rigar tun kafin ya hawo benen.