Bakan Shiɓa a Ɗakin Makamai

Khairiyya ta so a tura ta Kano koyon aiki, sai aka ce gurbi ya cika, ta nemi wuri kusa da gida. Haka ta ɗauko takardarta ta jami'a ta kawo gidan tarihin garinsu, wanda ɗaki biyu ne da baranda a bakin hanyar Tsanyawa. Mai kula da shi Malam Sha'aban ne, tsohon hedimasta da ya yi ritaya. Shi ya bi ƙauyuka a kan babur yana roƙon tsofaffin kaya har ɗakunan suka cika.

Ran da ta fara ya ce mata, "Kin zo a daidai. Nan da sati uku 'yan makaranta za su kawo ziyara, ga shi gara ta cinye rabin katunan bayani. Sabo za ki rubuta wa kowane abu."

Ta fara da ɗakin noma. Ta goge garma da sungumi da lauje, ta sa wa kowanne lamba, ta ɗauki hotonsa da wayarta. A sati na biyu ta shiga ɗakin makamai, inda Malam ya fi alfahari da shi. Akwai mashi uku, da takobi, da garkuwar fata da ta ƙanƙance. A tsakiyar bango kuma an rataye wani ɗan baka da bai fi kamu ɗaya ba. Katinsa ya ce na koyon harbi ne na 'ya'yan mayaƙa.

"Da irinsa ake fara horar da yaro tun yana shekara bakwai," in ji Malam. "Duk baƙon da ya zo, a nan ya fi daɗewa."

Da yamma ta tarar da kakarta, Inna Hure, a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Tsohuwar ta ce a nuna mata abin da ake yi a gidan tsummokaran nan. Khairiyya ta zauna gefenta tana wuce hotuna, har suka zo kan ɗan bakan.

"Tsaya. Me kika ce sunan wannan?"

"Bakan 'ya'yan mayaƙa, Inna."

Inna Hure ta yi dariya har tari ya sarƙe ta, sai da aka miƙo mata ruwa.

"Mayaƙan auduga dai," ta ce tana share ido. "Bakan shiɓa ne. In an gurje auduga an cire iri, da shi ake kaɗa ta ta yi laushi kafin a kai ta ga mazari. Ni kaina na karya uku kafin a kai ni ɗaki."

Kwana biyu Khairiyya na juya maganar a ranta. Malam ya koyar da babanta a firamare, ita kuwa ko wata ba ta yi a wurin ba. Ta rubuta duk katunan ɗakin ta bar wannan. A rana ta uku ta tambaye shi inda ya samo bakan. Ya ce a wani gida ne wajen Makoɗa, cikin buhu ɗaya da kibiyoyi, magadan ma ba su san na mene ne ba.

Ta ce, "Malam, kakata tana son ta zo ta ga wurin nan."

"Ki kawo ta mana. Ai don su aka yi."

Ranar Alhamis Inna Hure ta zo da ƙawarta Aina'u, kowacce da sandarta. Malam ya zagaya da su ɗakin noma, suna gyaɗa kai. Da aka iso gaban bakan ya gyara murya ya ba da labarinsa tun daga farko. Inna Hure ba ta katse shi ba. Sai da ya kai ƙarshe ta ce, "Malam, ko za ka sauko min da shi in taɓa?"

Ya sauko da shi. Ta zauna a tabarma, ta kwance bakin zanenta ta fito da ɗan curin auduga, ta ɗora a kan tsirkiyar ta shiga fizga da yatsa. Tsirkiyar ta tsufa, amma ta yi ƙara, audugar ta soma tashi tana buɗewa. Khairiyya ta sunkuyar da kai tana kallon rajistar da ke hannunta.

Malam ya kasa kunne. Can ya ce, "Na san wannan ƙarar. Daga ɗakin gwaggona nake jin ta ina ƙarami, ban taɓa leƙawa na ga abin da ke yin ta ba." Ya cire hularsa ya shafa kai, sannan ya fashe da dariya. "Shekara shida ina tura yara yaƙi da kayan kaɗin mata. Har wani malamin jami'a na gaya wa, ya rubuta a littafinsa."

Aina'u ta ce, "Da ka tambaye mu."

"Ga shi yanzu ina tambaya, Inna. Me kuma ya rage?"

Abin da ya rage da yawa ne. Kafin sati ya zagayo, tsofaffin mata biyar sun tono mazarai da alli da dutsen gurza daga ƙarƙashin gadajensu. Malam ya matsar da garkuwar, ya ba Khairiyya kusurwa guda ya ce ta tsara yadda ta ga dama. Ta jera kayan bi da bi, daga auduga mai iri har zuwa zare. Kowane kati sai ta karanta wa matan sun amince kafin ta liƙa, sau biyu suna sa ta sake rubutu. Ta so ta sa mazaran cikin akwatin gilashi, Inna Hure ta ce nata dai ba za a kulle shi ba, aiki za ta yi da shi.

Ranar ziyara bas biyu suka sauke ɗalibai. Malam da kansa ya ba su labarin kuskurensa, yana ƙara masa gishiri, suna ta dariya. Matan suna zaune a baranda suna kaɗi, 'yan mata suka kewaye su har malamarsu ta gaji da kira. Wata mai suna Furera ta karɓi mazari ta murza, zaren ya tsinke, ta ƙulla ya sake tsinkewa.

"Ki dawo Alhamis," in ji Inna Hure. "Yau hayaniya ta yi yawa."

Alhamis ɗin su huɗu suka zo bayan an tashi makaranta. Khairiyya ta ajiye rajista ta zauna ta biyar. A cikinsu duka zarenta ya fi kauri da ƙulli, kakarta kuwa ta ɗaga shi sama ta nuna wa kowa.