Tanko Digiri

Tanko ya sake duban wayar da ya maƙala jikin gilashin mota, ya ga lambar zafi ta hau sittin da huɗu, sai ya sassauta taka mai. Ko Kance ba su gama wucewa ba.

"Me ya sa ka rage gudu?" in ji mahaifiyarsa, Inna Gambo, daga kujerar baya.

"Ba komai, Inna. Motar nake lallaɓawa."

"To ka lallaɓa ta da sauri. An ce sha biyu na yi za su daina rubuta suna."

Shekara uku ke nan da yanar ido ta rufe wa Inna gani. Likitocin ido da suka sauka Damagaram suna aiki kyauta, yau ce ranarsu ta ƙarshe, kuma babu wanda ya san ranar dawowarsu. Yayarsa Hadiza, da ke aure can, ta kira sau uku tun safe.

Motar kuwa ita ce abin taƙamar Tanko. Daga ci-rani a Kano ya taho da ita, irin mai rai biyu, mai shan fetur tana kuma tafiya da batir. Cikinta akwai wani akwati da ake ce wa inbata, wanda ke juya wutar batir ta tura ƙafafu, yana da nasa ruwan sanyaya mai launin hoda, dabam da na inji. Tanko ya sayi 'yar na'ura da ke nuna masa zafin ruwan nan a waya, tun daga ranar mutanen Matameye suka shiga uku. A majalisa, a wurin mai shayi, har a zaman makoki, sai ya yi wa mutane bayanin digiri hamsin. Suka laƙaba masa Tanko Digiri. Wai shi a zatonsa yabo ne, sai da ya yi wata biyu yana amsawa da fara'a kafin ya gane.

Sittin da shida. Ya kashe kilim mai sanyaya cikin mota, ya sauke gilasai. Iska mai zafi ta buso daga gonakin da aka share tun watan jiya, ana jiran ruwan da ya ƙi zuwa. Sittin da takwas. Ya san in lambar ta ci gaba da hawa, motar za ta rage ƙarfinta da kanta, in ya matsa mata kuma akwatin ya ƙone. Tun da sojoji suka karɓi mulki aka rufe iyaka, ko kwalbar ruwan hoda sai da roƙo take tsallakowa, balle inbata. Ya gangara gindin wani gawo ya tsaya.

Ya buɗe murfin inji da irin natsuwar da ya ga manyan makanikan Kano na yi. Ruwan hoda na nan daidai layinsa. Ya leƙa cikin tankin, ya ga yana motsi, wato famfo na aiki. Fanka ma na juyawa. Komai lafiya lau, sai lambar. Ya zauna a gaban motar kan wani abu mai taushi, ya riƙe haɓa, yana tunani irin na masana.

Da lambar ta sauka hamsin da biyar suka tashi. Kafin Takieta sun sake tsayawa sau uku. Ƙarfe goma da rabi ta yi, rigarsa ta jiƙe sharkaf, tsoro kuma ya kama shi sosai, don shi ne ya hana Inna shiga motar kasuwa jiya, ya ce uwar Tanko ba za ta matsu cikin buhuna ba alhali ɗanta na da mota.

A shingen sojoji wani soja ya zagaya motar, ya tsaya a gabanta ya daɗe yana kallo.

"Malam, wannan mota ko jaki?"

Tanko ya ɗauka raini ne irin na wanda bai san fasaha ba. Ya fara yi masa bayanin rai biyu, sojan ya yi dariya ya ɗaga sanda ya ce su wuce, Allah ya ba tsohuwa lafiya.

Bayan shingen da kaɗan lambar ta taɓa saba'in, wata fitila ta kunnu a gabansa. Ya tsaya a fili, babu ko inuwa. Sha ɗaya saura kwata. Ya kifa goshi kan sitiyari.

"Inna, ki yafe mini. Ban san abin da ke damunta ba."

Bai taɓa faɗin wannan magana game da motar ba, ko a cikin ransa. Inna ta ɗaga fuska tana shaƙar iska, kamar mai duba ko tuwo ya kama.

"Tanko, wa ke gasa harawa a dajin nan?"

"Harawa kuma? A wannan fari wa zai..."

"Tun Kance nake jin ƙanshinta. In mun tsaya ya lafa, in mun tashi ya dawo. Ina ka sa damin da na ce a kai wa awakin Hadiza?"

Tanko ya ɗago kai daga sitiyari, ya dubi gaban motar.

Da safe Inna ta kafe ba za ta je gidan suruki hannu sake ba, ga awakin Hadiza har kwali suke ci. Bayan mota ya cika da tabarmi da kwanuka da jarkar ruwa. Saman mota kuwa Tanko ya ce ba za a goge masa fenti ba. Sai ya yi abin da ya saba yi shekara goma da tsohuwar motarsa ta haya: ya ɗaure damin a gaba, ƙasa-ƙasa, ya ja igiya ya ƙulle tamau. Daidai ramin da iska ke shiga ta sanyaya ruwan hoda.

Ya fita ya tsaya yana kallon damin. Tsakiyarsa har ya lotsa. Sau huɗu yana zama a kansa yana tunani.

Ya kwance igiyar, ya tura damin kujerar gaba, ya ɗaura masa bel don kada ya faɗo kan giya. Suka tashi. Sittin da biyar. Sittin. Hamsin da uku. Kafin Tirmini lambar ta zauna a arba'in da takwas, Tanko ya taka mai yadda bai taɓa takawa ba.

"Ta warke?" in ji Inna.

"Ta warke."

"Me wayar taka ta ce ke damunta?"

"Waya zafi kawai take faɗi, Inna."

"Ayya. To ai ni ma na iya wannan."

Tanko ya zuba wa hanya ido. Yana ta lissafin mutanen da za su ji labarin nan: Hadiza yau, mijinta da yamma, majalisar Matameye kafin jibi. Digiri ma suna ne mai daɗi idan aka kwatanta da wanda ke tafe.

Sha biyu saura minti bakwai suka shiga harabar asibitin. Hadiza ta taho da gudu, ta ga dami zaune a gaba da bel, Inna a baya, ta ja ta tsaya. Tanko ya riƙo hannun Inna har gaban teburin, ganyen harawa maƙale a hularsa. Ma'aikaciyar ta riga ta fara rufe biro. Ta dube su, ta sake buɗewa.

"Saura wuri ɗaya. Wane ne mai ciwon idon a cikinku?"

Inna ta matse hannunsa, yana jin kafaɗarta na rawa don dariyar da take dannewa.

"Rubuta Gambo," in ji Tanko. "Ita ce ake iya yi wa aiki."